Kada A Ɗauka

Awaisu malamin gona ne a Funtua. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa zai ba ka labarin abu biyu: warin maganin feshi da ya kama kujerun, da kuma rediyon da ba ya magana sai ya ga dama. Tsohuwar Korola ce ruwan toka, rediyonta irin na kaset, wanda bakinsa ya daɗe da cijewa. Tasha ɗaya yake kamawa, ita ma da an wuce Bakori sai ta koma shuuu, kamar an tsoma ƙosai a mai.

Amma ba wannan ne ya kai shi wajen mai gyara ba, waya ce. Aikinsa na yawo ne. Yau yana Bakori ana kukan tsutsa ta shiga masara, gobe yana Kafur ana rabon iri. Manoma kuwa ba ruwansu da ko mutum yana tuƙi, da sun ga ganye ya yi rawaya sai kira. Wata ranar kasuwa, waya na maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa, saura ƙiris ya bi ta kan wani mai babur da ya ɗauko buhu biyu. Matarsa Mansura na zaune a gefensa. Suna isa gida ta ce:

"Ko dai ka sa wa motar nan abin da ake amsa waya ba sai an riƙe ta ba, ko ni da yara mu koma hawa ta haya. Zaɓi ɗaya."

Washegari ya kai motar rumfar Enoch, wani mutumin Kafur mai gyaran wutar mota a bayan tasha. Enoch ya zaro tsohon rediyon, ya juya shi gaba da baya, ya ce wannan kam ya yi wa duniya hidima, a bar shi ya huta. Ya ɗauko sabo a kwali, mai faffaɗan gilashi da ya kai tafin hannun babban mutum. Awa biyu ya yi a kwance ƙarƙashin sitiyari yana haɗa wayoyi, ya kuma canza sifikun ƙofa da suka yage. Da ya gama ya karɓi wayar Awaisu ya haɗa ta da rediyon ta bulutut, ba tare da wata igiya ba, sai ga karatun da Awaisu ke saurare da safe ya cika motar, garau, kamar mai karatun yana zaune a kujerar baya.

"Yana tambaya ko ya kwashi sunayen da ke cikin wayarka," in ji Enoch, "don in an kira ya nuna maka mai kiran. In bar shi?"

"Ya kwashe duka," in ji Awaisu.

Enoch ya kira shi don gwaji. Gilashin ya haskaka, manyan baƙaƙe farare suka fito: ENOCH MAI WUTA. Suka yi dariya, Awaisu ya sallame shi, ya ja motarsa yana jin kansa kamar wanda ya sayi sabuwa.

To, a cikin sunayen da rediyon ya kwasa akwai wani da Awaisu ya daɗe da daina karantawa. Idonsa ya saba da shi har ya zama kamar tabo a bango, yana gani ba ya lura. Lambar Gwaggo Hansai ce.

Gwaggo Hansai ƙanwar mahaifinsa ce, tana zaune a Ƙarfi. Ita ta ɗauke shi yana ɗan shekara huɗu lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, ita kuma Allah bai bar mata nata ko ɗaya ba. A bayanta ya yi ƙyanda, a ɗakinta ya yi kaciya, da man gyaɗarta da ƙuli-ƙulinta aka ɗinka masa kayan makaranta. Da yake sunan mahaifinta aka sa masa, ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba, Babana take ce masa. Shi da kansa ya saya mata waya lokacin da ya kama aiki, ya nuna mata cewa in ta danne lamba ɗaya ta riƙe, shi za ta samu.

Ta kuwa riƙe wannan darasi da kyau. Ta kira da hantsi, ta kira bayan azahar, ta kira da la'asar. Ba wata magana ba ce: akuya ta haifi biyu, an yi ruwa wajenku, ka ci abinci, wance ta gaishe ka. Ga murya, don ita a ganinta tunda Funtua da nisa dole a ɗaga. Ga shi ba ta san sallama ba, sai an yi sai an jima sau uku tana tuno wani abu.

Shekara biyu da suka wuce wasu manya suka zo daga Katsina duba aikin rabon taki. Awaisu na tsaye gabansu yana bayani, wayarsa ta yi ƙara, ya kashe. Ta sake, ya kashe. A ta ukun gabansa ya faɗi, ya ce ko wani abu ne ya faru, ya nemi gafara ya ɗauka. Muryar Gwaggo ta fito har ƙarshen ɗakin:

"Babana, daddawar nan da na aiko, ka ce wa Mansura ta shanya ta, kada ta yi tsutsa!"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da babban baƙon. Mako guda abokan aikinsa na kiransa Babana mai daddawa. A ranar, yana fitowa daga taron, cikin fushi ya buɗe wayarsa ya goge "Gwaggo" ya rubuta KADA A ƊAUKA. Ya yi niyyar in ya huce ya mayar. Ya huce ɗin, amma bai mayar ba, don ya ga abin ya yi masa sauƙi. A kira biyar sai ya ɗauki ɗaya. In ta yi ƙorafi ya ce, "Sabis ne, Gwaggo, sabis ɗin ƙauyen nan naku ba shi da kyau." Ita kuma ta yarda, ta riƙa yi wa ƙarfen sabis ɗin garinsu faɗa.

Kwana uku da sa rediyon, tana kira ya ɗauka, yana ofis. Ta ce idonta ne yake mata hazo-hazo, an ce akwai likitan ido a Malumfashi, ko zai zo ranar Asabar ya kai ta. Ya ce zai zo. A ransa har ya ji daɗi, don yana son a ga motar a gida.

Ranar Asabar da hantsi ya isa Ƙarfi. Kaka ta kama, ko'ina masara ce a shanye, a kan rufi, a bakin hanya, a ƙofar gidaje. Ya tarar Gwaggo ta shirya tun da safe, ta sha atamfarta ta zuwa biki, tare da maƙwabciyarta Malama Susana, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya. Gwaggo ta shiga gaba, Malama ta shiga baya. A hanya ya kunna musu waƙoƙin yabo daga wayarsa, Gwaggo ta yi ta waige-waige tana neman inda sautin ke fitowa.

A asibiti an daɗe. An ɗiga mata magani, an sa ta jira, an gwada mata gilasai kala-kala, daga ƙarshe aka ba ta tabarau mai baƙin kewaye a cikin ɗan akwatinsa. Azahar ta gota kafin su fito. Suna shiga mota ta saka shi, ta gyara zama, ta dubi wani allo a tsallaken titi. Sai Awaisu ya ji tana magana ƙasa-ƙasa.

"A-na... sa-yar... da... ta-ki... da... i-ri."

Ya juyo ya dube ta. Ta ƙunshe dariya da bakin mayafinta.

"Gwaggo! Karatu kike yi?"

"Tambayi Malama," in ji ta.

Malama Susana ta ce ai wata takwas ke nan. Duk Talata da Alhamis matan unguwa su goma sha ɗaya ke taruwa a tsakar gidanta bayan la'asar, tana koya musu karatun boko, kuma Gwaggo ce ta fi kowa tsufa, ta fi kowa naci. Idon ne kawai ke ba ta matsala, shi ya sa aka zo.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?" in ji Awaisu.

"Sau nawa na kira in gaya maka, sabis ya hana? In kuma an samu ka ɗauka, kana sauri, sai in ce bari dai sai na iya sosai in ba ka mamaki."

Wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, amma murna ta rufe shi. Suka kama hanya, Gwaggo ba ta bar allo ko ɗaya ya wuce ba. Ta karanta na mai faci, ta karanta na mai sayar da magani, ta karanta rubutun bayan wata babbar mota har ta gyara wa mai rubutun kuskure. Malama na baya tana cewa, "Yawwa, Hansai, haka ne." Awaisu yana ta dariya, rabon da ya ji daɗin zama da ita haka har ya manta.

Murnar ce ta ja shi. Ya ga ita ta nuna nata, shi ma bari ya nuna nasa. Da suka fita daga cikin gari ya rage gudu, ya ce:

"Gwaggo, ni ma ina da abin mamaki. Kin ga wannan gilashin? Ɗauko wayarki ki kira ni. Ba zan taɓa tawa ba, amma za ki ji muryarki ta fito ta ƙofofin motar nan."

"Kai, Babana, ban da zolaya."

"Kira ki gani."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wayar, ta danne lamba ɗaya ta riƙe. Waƙar da ke tashi ta tsaya. Motar ta ɗauki ƙara. Gilashin ya haskaka.

Sai a lokacin Awaisu ya karanta abin da ya yi shekara biyu yana gani. Baƙaƙen sun fi na wayarsa girma sau biyar. Ya kai hannu zai kashe, amma Gwaggo ta riga ta sunkuyo, ta dafe tabarau da yatsa, ta kama hannun nasa ta kawar.

"Tsaya mana in karanta. Ka-da... a... ɗau-ka." Ta sake maimaitawa, wannan karon a haɗe, tana jin daɗin ta iya. "Kada a ɗauka. To, me ke nan? Me za a ɗauka?"

Awaisu ya dubi madubi, idonsa ya haɗu da na Malama Susana, ta kawar da kai ta koma kallon gonaki. Da ya yi shiru a nan, ko ya faɗi gaskiya, da abin ya zo da sauƙi. Amma bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ai gargaɗi ne, Gwaggo. Rediyon ne ke gargaɗin direba, kada ya ɗauki waya da hannu yana tuƙi. Duk wanda ya kira haka yake rubutawa."

"Allah mai iko," in ji Gwaggo. "Har da Hausa ya iya? Lallai masu ƙera abin nan sun yi tunani. Ka kuwa riƙa bin maganarsa, Babana, hanya ba ta da tabbas."

Ya danna, suka yi gwajin, ta ji muryarta ta fito ta ƙofa, ta yi salati tana dariya. Shi ma ya yi abin da ya yi kama da dariya. Ya ƙara wuta, yana roƙon Allah a ransa su isa Ƙarfi kafin wani ya kira.

Ba su yi tafiyar minti biyar ba motar ta sake ɗaukar ƙara. Gwaggo ta sunkuyo da saurinta, kamar ɗalibar da aka yi wa tambayar da ta san amsarta.

"Man-su-ra," ta karanta. "Mansura."

Ta tsaya tana kallon gilashin. Ta jira ko sauran rubutun zai fito. Bai fito ba. Wayar na ta ƙara. A hankali Gwaggo ta koma ta jingina da kujera.

"Ɗauka mana, Babana," ta ce, muryarta a kwance. "Wannan an yarda a ɗauka."

Ya danna. Muryar Mansura ta cika motar, cike da fara'a, tana tambayar ko an samu tabarau, ko ya yi wa Gwaggo kyau. Gwaggo ta amsa mata da kyau, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa musu albarka. Da aka gama ta cire tabarau, ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar cikin akwatinsa ta rufe. Har suka isa gida ba ta sake karanta komai ba.

A gida ba ta canza masa fuska ba, wannan ne ma ya fi ƙona shi. Ta kawo masa ruwa, ta zuba masa dambu, ta tsaya sai da ya ci, shi kuwa kamar yashi yake haɗiya. Ta ƙulla masa kuka da busasshiyar kuɓewa a leda ta ce a kai wa Mansura. Sau biyu yana buɗe baki zai yi magana, sai ta tashi ta shiga ɗaki neman wani abu. Da zai tafi ta rako shi iya zaure, ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta juya.

Malama Susana na tsaye a ƙofar gidanta. Ya je ya yi mata godiyar rakiya, kansa a ƙasa. Ta dube shi irin kallon da ta saba yi wa 'yan aji shida.

"Ni ba zan shiga tsakaninku ba, Malam Awaisu," ta ce. "Abu ɗaya zan gaya maka. Ranar da ta fara zuwa aji, kowace mace na cewa a koya mata rubuta sunan kanta, ita sunanka ta ce in koya mata. Ta ce bakinta ba ya iya faɗarsa, ko hannunta ya faɗa."

Bai san yadda ya shiga mota ba. Kafin ya kai Bakori ya gangara gefen hanya ya tsaya, kusa da wata gonar dawa. Ya ciro wayar ya goge rubutun, ya rubuta Gwaggo. Ya ga bai isa ba, ya ƙara Hansai. Ya zauna yana kallon sunan, ya ga aikin da bai ɗauke shi ƙiftawar ido ba ne ya yi shekara biyu bai yi ba. Har gida bai kunna komai ba.

Lahadi ta wuce Gwaggo ba ta kira ba. Litinin ma haka. Da can in wayarsa ta yi ƙara tsaki yake fara yi kafin ya duba, yanzu kuwa duk ƙarar da ta yi sai gabansa ya faɗi, ya duba ya ga manomi ne. Ranar Talata ya daure ya kira ta. Ta ɗauka, suka gaisa, ta ce kowa lafiya, ta ce, "To, kada in tsare ka, sai an jima," ta kashe. Ita da ba ta taɓa kashe waya da kanta ba.

Mansura ta lura ba ya cin abinci. Ta matsa masa, ranar Laraba da yamma ya gaya mata komai, har da ƙaryar gargaɗin. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta daɗe tana dubansa.

"Matar da ta goya ka?" ta ce. "Da ni na rubuta wa tawa uwar haka, me za ka ce da ni?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da yanzu kana Ƙarfi. Me kake jira, ta zo ta ba ka haƙuri?"

Duk da haka bai tafi ba. Kunya ta ɗaure masa ƙafa. Maimakon Ƙarfi, washegari sai ya tsinci kansa a rumfar Enoch, yana cewa a cire masa rediyon a mayar da tsohon.

"Me ya yi? Yana yanke magana ne?"

"Lafiyarsa lau. Ya dai nuna abin da bai kamata ba."

Enoch ya goge hannunsa da tsumma. Da alama ba yau ya fara jin irin wannan ba.

"Malam, in ka ce in cire zan cire. Akwai ma inda zan danna ya daina nuna suna gaba ɗaya, sai lamba. Amma shi abin nan ba ya ƙago komai. Abin da ka zuba masa shi yake juye maka."

Awaisu ya ce a bar shi yadda yake. Ranar Asabar ya kama hanyar Ƙarfi wajen Gwaggo.

Ya tarar da ita a tsakar gida kan tabarma, ga tulin masara a gabanta, tana murje ƙwayar da hannu cikin ƙwarya. Ba tabarau a fuskarta. Ta yi masa sannu da zuwa, ta yunƙura za ta kawo ruwa, ya ce ta zauna. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarmar kamar yadda yake yi yana yaro in ya yi laifi.

"Gwaggo, ba rediyo ne ya rubuta abin nan ba. Ni na rubuta, da hannuna, shekara biyu ke nan. Sabis ɗin garin nan kuma lafiyarsa ƙalau, ni ne ba na ɗauka. Sannan na ƙara da yi miki ƙarya a gaban Malama. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Ki yafe min."

Ba ta daina murzar masarar ba. Sai da ta gama wadda ke hannunta, ta jefa totuwar gefe, sannan ta ce:

"Na yafe maka tun kafin mu iso gida ranar. Wa nake da shi da zan riƙe a zuciya in ba kai ba? In na riƙe ka kuma in kai ka ina?"

Ta ci gaba, ba ta dube shi ba.

"Ni kunya ce ta kama ni, Babana. Ka san sau nawa na hau tudun bayan makaranta da tsakar rana, don an ce can sabis ya fi ƙarfi? Mata na ce min, Hansai, ina za ki cikin ranar nan, in ce zan kira ɗana. A aji kuwa ba ni da zance sai naka. Babana ya ce kaza, Babana zai zo. Sai ga shi a gaban Malama na karanta da bakina, har sau biyu, ina murna na iya. Tun ranar ban koma ajin ba. Da wane ido zan dube ta?"

Wannan bai taɓa zuwa masa a rai ba. Duk kwanakin nan tasa kunyar yake ta juyawa, bai san ya ɗora mata wadda ta fi tasa nauyi ba.

"Na san ina da surutu," ta ce. "Gidan nan in na idar da sallar azahar babu mai ce min kanzil sai kaji. Da ka ce min, Gwaggo, kada ki kira da rana, ina aiki, ai da na ji. Ba yarinya ba ce ni."

"Laifina ne, Gwaggo."

"Naka ne mana. Miƙo min waccan."

Ya miƙa mata masarar, shi ma ya ɗauki ɗaya. Hannunsa ya manta aikin, kafin ya gama ta biyar babban yatsansa ya yi ja. Suka yi ta murza har ƙwaryar ta cika aka juye a buhu. Da aka yi la'asar ya tashi ya shiga gidan Malama Susana. A gaban mijinta da jikokinta ya ce ya zo ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya gaya musu a mota ƙarya ne, kuma Gwaggo ba ta yi abin kunya ba, shi ya yi. Ya roƙe ta ta je ta taso ɗalibarta. Malama ta ce dama tana nan tana jiran ta ga ko zai zo, ta ɗauki mayafinta ta bi shi.

Gwaggo ta koma aji ranar Talata. Kafin ƙarshen shekara ta fara tura masa saƙo a rubuce, gajere, babu tazara tsakanin kalmomin, sai ya zauna ya rarrabe su. Kiran ma ya dawo, amma ba kamar da ba. Sau biyu take kira a mako, wani lokacin sau ɗaya, kuma ta rage murya. Shi ne yanzu yake kiranta in ya kama doguwar hanya, ya bar muryarta ta cika motar tun daga Funtua har Kafur, ta ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ƙwari suka ci wa wake.

Abu ɗaya ne ya kasa gyarawa. Duk ranar da ita ta kira, ko ya ɗauka a bugun farko, kafin ta gaishe shi sai ta ce, "Babana, kana da sarari?" Ya roƙe ta ta daina, ya ce ko yana gaban gwamna ne ta kira. Ta ce to. Da ta sake kira kuma sai ta sake tambaya.